Ranar da Na Wanke Masakan Inna

Maƙwabciyata a nan Kabo ba ta miyar kuka sai da daddawa, kuma katangar da ke tsakaninmu ba ta da tsayin da za ta tare abin da ke tashi daga tukunyarta. Da la'asar ta yi, sai ya hauro ya same ni a tsakar gida. 'Ya'yana sukan toshe hanci su ce wari. Ba na yi musu faɗa, don ni ma na taɓa kiransa haka ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Abin da wannan ya jawo mana a gida shi nake so in ba ka labari, kuma ka yi haƙuri da ni, ba labari ne da na saba bayarwa ba.

A Garo aka haife mu. Babanmu manomi ne, ya rasu da bazara bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba, ya bar Inna da mu uku: ni babba, ƙanwata mai shekara bakwai, da auta a goye. Shekarun nan ne da rediyo ba ya rabuwa da maganar tsuke bakin aljihu. Magidanta sukan tafi Gwarzo su wuni a layin sukari da madara da sabulu, su dawo da yamma ba abin da suka samo sai ƙishirwa. Wanda ya ga kwalin sukari a gidan wani sai ya ba da labari a majalisa. Abu ɗaya dai tsananin ya yi wa Inna na alheri. Matan da suka fara yanga da dunƙulen kanti, suna cewa daddawa ta ƙauyawa ce, duk sai ga su sun dawo suna aiko yara da kwano.

Daddawa ce sana'ar Inna, tun kafin ta yi aure. In ɗorawa ta nuna da bazara, mu yara mukan sha garinta har bakinmu ya koma rawaya, ita kuwa Inna ƙwallon take so, wato kalwa. Takan ɗora ta a katuwar tukunya tun asuba, ana iza wuta har rana ta faɗi. Washegari a surfe ta a turmi da toka, a wanke a kwando har ɓawon ya fita, a sake dafawa da kanwa. Da zafinta ake juye ta a masakai, waɗannan manyan ƙoren, a rufe da ganye da tsofaffin buhuna, a kai ɗan ƙaramin ɗaki a ja ƙofa. Kwana uku ba mai leƙawa. In aka buɗe aka tarar ta yi laushi, tana yauƙi, ƙarfinta yana sa ido hawaye, to ta kama. Sai a shanya, a daka, a cura. Mutanen Garo sukan ce ko a cikin duhu aka miƙa musu daddawar Inna sun san tata ce.

Masakan nan huɗu ne. Daga Dugabau ta zo da su, na kakarmu ne. Cikinsu baƙi ƙirin yake, da wani danƙo-danƙo da ya yi shekaru yana taruwa. In an kwashe daddawa, Inna takan goge su da ganye kawai, ta sa su a rana kaɗan, ta kife a ɗaki. Ban taɓa ganin ruwa ya taɓa su ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ita ma ba ta taɓa ce mini kada a wanke su ba, kamar yadda ba a gaya wa yaro kada ya zuba ruwa a rumbu. Manyan lokacin ba su da yawan bayani. Sukan ɗauka kana gani, to ka sani.

Tsakanina da ita kuwa bayanin ya fi ƙaranci, don ni ce 'yar fari. Ba ta kiran sunana. «Ke» ce ni, ko «wannan yarinyar» in da baƙi. Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta zama kusa da ni a tabarma. Ƙanwata ce mai hawa cinya, ita ake yi wa kitso ana mata waƙa, ita ake ɓoye wa ƙanzo. Na san al'ada ce, kowace uwa haka take yi da na fari, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Kullum ina neman abin da zan yi Inna ta dube ni ta ce na kyauta.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, Baffa ya zo ƙofar ɗakin Inna. Yayan babanmu ne, yana zaune a Sabon Birni ta wajen Gwarzo, kuma yanzu shi ne ubanmu. Kada ka ɗauka mugu ne. Mutum ne mai tsare gida, mai ganin in marayun ƙaninsa suka kwana da yunwa shi Allah zai tambaya. Ya tsuguna a waje, tana ciki bayan asabari, suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi haƙuri ta ce da godiya. Sannan ya ce:

«Yara uku a wannan zamani ba wasa ba ne. Zan dawo in kin fita takaba in ga yadda kuke. In sana'ar nan tana riƙe ku, to madalla. In ba ta riƙe ku, sai in ɗauki ɗaya in rage miki nauyi.»

Inna ta ce, «To, Yaya. Allah ya kai mu.»

Ina jin su daga bakin murhu. Daga ranar na san abin da ke gabanmu. Ko dai daddawa ta ciyar da mu, ko a raba mu.

Wata huɗu da kwana goma Inna ba ta taka ƙofar gida ba, amma wuta ba ta mutu a ƙarƙashin tukunyar kalwa ba. Da auta a bayanta take surfe, da shi take cura. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ke kai mata daddawar kasuwar Gwarzo ta sayo mata hatsi. Ba mu ƙoshi ba, amma ba mu kwana da yunwa ba. Sai dai takabar ta ƙare a mafi munin lokaci, tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, kalwa kuma ta yi wuya. Baffa ya aiko cewa yana tafe ranar Juma'a. Inna ta sa aka sayar da akuyarta guda ɗaya da ta rage, aka sayo mata kalwa mai yawan da ba ta taɓa dafawa a karo ɗaya ba. So take ya shigo ya tarar da tsakar gida cike da shanya, ya gani da idonsa.

Ranar Talata ta yi wankan fita takaba, ta ɗaura sabon zane, ta goya auta, ta ja hannun ƙanwata, suka tafi zagayen gaida dangi da maƙwabta kamar yadda ake yi. Kalwa tana kan wuta, dahuwa ta biyu. Ta ce, «Ke, ki riƙa iza wutar nan. Kada ta mutu.»

Na iza wuta. Na share tsakar gida. Na wanke kwanuka. Sai na tsaya ina duba gidan da idon Baffa. Na tuna matarsa, ranar da ta zo ta'aziyya, yadda ta ja mayafi ta rufe hanci da ta gifta ƙaramin ɗakin nan. Na tuna 'yan ajinmu da suke matsawa a benci suna ce mini 'yar mai daddawa. A raina na ce, in Baffa ya leƙa ya ga baƙaƙen masakan nan, ai cewa zai yi a cikin ƙazanta muke. Inna ba ta da lokaci ne, shi ya sa ta bar su haka. Ni zan yi mata.

Akwai sandar sabulu guda da wata mata ta kawo da ta zo gaisuwa, Inna ta ɓoye ta a ƙasan akwati tana tattalinta kamar zinariya. Na ɗauko. Na fito da masakan ɗaya bayan ɗaya, na sa soso da yashi, na dirje su. Baƙin ruwa yana gangarawa ina jin daɗi. Ban bari ba sai da cikinsu ya fito fari tas, yana ƙamshin sabulu, sandar kuma ta koma rabi. Na jera su a gindin katanga. Wallahi ban taɓa jin alfahari da aikin hannuna kamar na wannan yammacin ba. Har wajen zama na zaɓa, inda zan ga fuskarta in ta shigo.

Ta shigo da la'asar. Ta ga masakan. Ta tsaya cak, hannunta yana kan ƙullin goyo. Ta ƙarasa a hankali, ta ɗaga ɗaya ta kai hanci, ta ajiye. Ta dube ni, kuma a shekaruna goma sha ɗaya ban taɓa ganin ta dube ni tsawon haka ba. Ina ta murmushi ina jira. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta kuma zage ni ba. Cewa ta yi, «Miƙo mini toka.»

Kalwa ta riga ta dahu, kuma ba ta jira, in ta huce shi ke nan. Inna ta ɗauraye masakan, ta murje cikinsu da toka da ganye, ta juye kalwar, ta rufe da duk buhun da ke gidan, har da bargon babanmu. Ta ja ƙofa tana motsa baki. A kwana ukun nan aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, gari ya yi sanyi. Nakan ga ta je ta tsaya a bakin ƙofar tana shaƙar iska, ta dawo. Tun a rana ta biyu jikina ya ba ni, don ƙarfin nan da ya saba cika gida bai taso ba. Sai daga baya tsohuwar maƙwabciyarmu ta gaya mini cewa baƙin danƙon da na kankare shi ne ran daddawar, shi ke sa sabuwa ta kama. Abin da kakarmu ta tara, Inna ta ɗora a kai, na gama da shi kafin la'asar.

Da hantsin Juma'a ta buɗe. Kalwar tana nan ƙwallo-ƙwallo, ba laushi, ba yauƙi, sai tsami da fumfuna ta ko'ina. Ko kaji ba za su ci ba. Tana cikin juye ta a kwando za a kai juji, sai muka ji sallamar Baffa a zaure.

Ya shigo ya jingine kekensa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa. Idonsa yana kan kwandon. Ya tambayi akuya, aka ce an sayar. Ya leƙa tukunyar hatsi. Sannan ya ce, «Me ya sami daddawar?»

Ina tsaye a jikin turmi, taku uku tsakanina da shi. Inna ba ta ko kalli inda nake ba. Ta ce, «Ni ce, Yaya. Hannuna ne bai kama ba.»

Ka gane nauyin wannan magana. Da ta ce yarinya ce ta yi wauta, da ya san sana'a tana nan lafiya, kuskuren rana ɗaya ne. Ƙila ya zane ni, ƙila ma ni zai ce a ba shi ya koya mini hankali. Amma mai daddawa ta ce hannunta bai kama ba, a wurin mutanenmu ma'anarsa baƙin ciki ya taɓa ta, kuma ba wanda ya san ranar da hannun zai dawo. Ta san haka sarai, ta kuma faɗa. Ni kuwa da na san gaskiya, bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na yi shekaru ina neman wani suna da zan ba shi ban samu ba.

Sai Baffa ya ce babbar tana taimaka miki, ƙaramin yana shan nono, to a haɗa wa ta tsakiyar kayanta. Inna ta ce, «To, Yaya.» Ta shiga ɗaki ta ƙulla 'yan rigunanta biyu a ɗankwali. Ƙanwata da murna ta hau bayan keke, ta ɗauka yawon kwana biyu za ta. Sai da suka kai bakin zaure ta waiwayo ta ga Inna ba ta biyo su ba, sannan ta fara kira. Muna jin muryarta har suka sha kwana. Inna ta ɗauki kwandon ta kai juji da kanta, ta dawo ta ɗora ruwan tuwo.

Da sati ya zagayo ta tafi Dugabau a ƙafa, ta dawo da wani tsohon masaki mai ɗinki a gefe, na wata ƙawar kakarmu. Da shi ta sake farawa, kaɗan-kaɗan, tana ɗiban wadda ta kama tana shafa wa fararen nan har suka soma duhu. Kafin kaka ta ƙare daddawarta ta dawo yadda aka san ta. Shekara ta zagayo 'yan sari suna zuwa har gida daga Gwarzo. Da daddawar nan ta yi wa ɗakinta rufin kwano, da ita ta kai ni har kwalejin horon malamai, da ita ta yi wa auta komai. Ba ta sake aure ba, duk da masu zuwa sun zo. Kuma ko sau ɗaya, ko cikin faɗa, ba ta taɓa ambata mini sabulun nan ba.

Sau biyu ta aika a roƙi Baffa ya dawo da yarinyar. Ya ce ta saba, tana makaranta, ko an ji an ce yana cutar ta ne? Daga nan kunya ta rufe bakin Inna, don sake tambaya kamar zargi ne. Gaskiya kuma bai cuce ta ba, ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa. Takan zo mana da salla. Shekarar farko ta maƙale wa Inna tana kuka. Ta biyu ba ta yi kuka ba. Daga baya sai ta riƙa durƙusawa daga bakin ƙofa tana gaisuwa irin ta baƙuwa, a ba ta abinci ta ci kaɗan ta ce ta ƙoshi. Inna takan cika mata ƙullin daddawa mafi kyau in za ta koma, abin da take iya yi ke nan.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, makarantun matan aure suka cika ko'ina, Inna ma da furfurarta ta sayi littafi ta shiga. Wata rana na je gaishe ta daga Kabo na tarar da ita zaune da hijabinta, ba ta cire ba, ba ta hura wuta ba. Ta ce Malama ta karanta musu babin riƙon yara, ta ce uwa ta fi kowa haƙƙin riƙe 'yarta har ta yi aure, muddin ita uwar ba ta auri wani ba. Ta ce sai da ta sa aka maimaita mata.

«Ashe da na ce a'a, ba mai ɗaukarta,» in ji ta.

A lokacin ƙanwata tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu. Ranar na yi niyyar in ce Inna ki yafe mini, har na buɗe baki. Ta riga ni, ta ce, «Ke, tashi ki hura mini wutar nan.» Na tashi na hura.

Inna ta rasu shekarun baya, cikin azumi. Bayan sadakar bakwai muna rabon 'yan kayanta, na tura wa ƙanwata masakai biyu. Ta turo mini su. Ta ce, ba da faɗa ba, cikin sanyin murya, «Ki riƙe, Yaya. Ku ne 'ya'yanta. Ni ai da aka ce ta ba da ɗaya, ni ta ga za ta iya rabuwa da ita.»

Shekara talatin tana ɗauke da wannan, ba wanda ya sani. Nan na zaunar da ita na gaya mata komai, tun daga sandar sabulu har zuwa inda nake tsaye a jikin turmi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, «Don me ba ta gaya mini ba?»

Na ce, «Da ta gaya miki, ni za ki ƙi.»

Ta ce, «Da na ƙi ki shekara guda na huce. Ita kuwa ban taɓa hucewa ba, ga shi ta tafi.»

Yanzu abubuwa sun sake. A robobi da leda ake rufe daddawa, masu masaki sun yi ƙaranci. 'Yata da ta yi karatun kimiyya ta ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke zaune a jikin ƙwaryar, ta yi mini bayani tiryan-tiryan a minti biyu, irin bayanin da da an yi mini shi da ba a kai ga haka ba. Matan da mazansu suka rasu, da yawansu sun san haƙƙinsu, wasu har gaban alƙali suke zuwa. Ni kuma ina kiran 'yar farina da sunanta, da ƙarfi ma, tsofaffin unguwa suna cewa ba ni da kunya. Na yarda ba ni da ita.

Ƙanwata ta yafe mini, ta faɗa da bakinta. Takan kira ni a waya duk Juma'a, kuma bayan gaisuwa ba ta da zance sai tambaya a kan Inna: wane irin zane ta fi so, me take cewa in ta yi tuntuɓe, da wane gefe take kwanciya. Ina ba ta amsa iyakar sanina. Makon jiya ta tambaye ni ko Inna mai dariya ce, don ita tana tuna wata mace mai dariya da ƙarfi tana yi mata kitso, amma ba ta tabbata ba ko ita ce. Na ce mata ita ce. Ban gaya mata cewa tun daga ranar da ta hau keken nan ban sake jin irin wannan dariyar a gidanmu ba.